Yadda Sabar Za Ta Riƙa Ajiye Saitunanta Kullum

Tambaya: Malam, ina kula da sabar Linux, amma nakan manta da kwafin fayilolin saiti. Yaya zan sa ta riƙa yi da kanta?

Amsa: Ɗan'uwa, cron, manhajar Linux da ke gudanar da umarni a lokacin da ka tsara mata, shi ne maganin wannan. Ka shiga a matsayin root (asusun mai cikakken iko a sabar), ka ƙirƙiri babban fayil /ajiya, sannan ka buga crontab -e ka saka:

0 2 * * * tar -czf /ajiya/etc-$(date +\%F).tar.gz /etc

Ƙarfe 2 na kowane dare zai dunƙule /etc, inda yawancin saituna suke, da kwanan wata a sunansa. Kada ka cire sandar nan (\) da ke kafin %, in ba haka ba cron zai datse umarnin a nan.

Abin da ya fi damuna shi ne barin kwafin a sabar guda. Faifai ya mutu, tare za su tafi. Tura kwafin wata na'ura da rsync (manhajar kwafar fayiloli), ka kuma tsare shi, don /etc/shadow, fayil ɗin da ke riƙe da bayanan kalmomin sirri, na ciki.