Amsa ga mai neman unguwar zama da iyali a Abuja

Wa'alaikumus salam, Malam. Na ga an yi maka canjin wurin aiki daga Kano zuwa Sakatariyar Tarayya, ga uwargida da yara uku, hayar Wuse da Garki ta fi ƙarfin albashi, kana tambayar wace unguwa ce a gefen gari za ta yi wa iyali daɗi ba tare da ka ƙare a hanya ba. Allah ya sanya alheri. Shekara 11 ke nan ina Abuja, na zauna a Mararaba, na zauna a Lugbe, yanzu ina Kubwa, don haka abin da na taɓa da hannuna zan faɗa maka.

Da farko kada ka yarda dillali ya auna maka nisa da baki. A garin nan kowane gida "minti ashirin ne zuwa cikin gari", domin ranar Lahadi da rana yake kai ka. Ni ma haka aka yi mini. Na ga gida a Mararaba, ɗaki uku, kuɗinsa bai kai rabin na cikin gari ba, na biya har ina ganin na yi wayo. Ranar Litinin ta farko na gane kurena. Hanya ɗaya ce tal, titin Keffi, ita ke ɗauko mutanen Masaka da Ado da Mararaba da Nyanya da Karu da Jikwoyi, duk a zo a cushe daga gadar Nyanya zuwa hawan Kugbo kafin a kai mahaɗar AYA da ke bakin shiga cikin gari. In ban fita da na idar da sallar Asuba ba, to sai dai in kira ofis in ba da haƙuri. Shekara biyu na yi ina barin yarana suna barci, in dawo in tarar da su suna barci. Wata rana ƙaramar ta gan ni da rana tsaka ta ruga bayan uwarta, tun daga nan na fara neman wani gidan. Ba kushe Mararaba nake yi ba, akwai Hausawa da yawa, kayan abinci da araha, kuma in a Keffi ko Karu mutum yake aiki babu kamarta. Ka dai tuna cewa jihar Nasarawa ce, ba Abuja ba.

Lugbe ta fi sauƙin hanya, titin filin jirgin sama yana da faɗi kuma kai tsaye yake kai ka ƙofar gari. Matsalarta tana ciki. Rukunin gidaje da yawa an gina su nesa da babban titi, sai ka ga daga ƙofar gidanka zuwa kwalta ya fi cin lokaci a kan daga kwalta zuwa ofis. Ga ruwa, yawanci burtsatse ne ko 'yan garuwa. Sannan wasu wuraren a kwari suke, damina na yin nisa ambaliya ta shigo har falo, haka ma ɓangaren Lokogoma. Duk gidan da za ka kama a can ka duba jikin katanga, ruwa ba ya ɓoye inda ya taɓa kaiwa, ko an yi sabon fenti maƙwabta za su faɗa maka.

Ni dai Kubwa na zaɓa, kuma da ni ne kai can zan fara dubawa. Babban titinta mai layi goma ne, in ka hau shi kafin bakwai na safe ba ka da fargaba har ka isa Sakatariya. Sassa da dama suna samun ruwan famfo daga madatsar Usuma, wanda a Abuja ba ƙaramin abu ba ne. Akwai babban asibitin gwamnati, akwai kasuwa, ga Islamiyyu da masallatan Juma'a. Ga kuma tashar jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna, wanda ya fara aiki a 2016, in ka sauka a Rigasa sai ka hau motar Kano. Jirgin cikin gari da ya tsaya a 2020 ma ya dawo aiki a 2024, yana zuwa Gbazango da ke yankin Kubwa, sai dai ni ban ɗora fitata a kansa ba, saboda a Idu ake canza jirgi kuma lokutansa ba su dace da nawa ba. Amma Kubwa suna ce ta tara. Wanda ke Phase 4 ko PW da wanda ke can ƙuryar Byazhin duk "Kubwa" za su ce maka, alhali safiyarsu ba ɗaya ba ce. Gwarinpa ta fi kusa kuma ta fi tsari, in aljihu zai ɗauka. Wajen Bwari kuwa, bayan sace-sacen mutanen da aka yi a farkon 2024, sai ka yi tambaya sosai a kan tsaro, musamman gidajen da ke jingine da duwatsu.

Wani abu da mu maza muke mantawa: kai fita kake yi, uwargida da yara su ke wuni a unguwar. Kafin ka biya, ka taka da ƙafarka daga gidan zuwa makarantar da za ka sa yaran, zuwa masallaci, zuwa kemis da mai kayan miya. In sai an hau Keke Napep kafin a sayo tattasai, gidan nan zai isheta cikin wata uku, kuma kai za ka ji a jikinka. Makarantar yara ta kasance cikin unguwa. Na ga masu kwasar yara tun duhu zuwa makarantar cikin gari don suna, yaro yana gyangyaɗi a mota da kwanon abinci a cinya.

Lissafin kuɗi ma ya canza tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Gida mai araha a Suleja ko Gwagwalada, in ka haɗa kuɗin man shekara, wani lokaci ya kamo na Kubwa. In ba ka da mota, ka riƙa hawa a tasha ko ka haɗa kai da maƙwabta masu aiki a Sakatariya kuna karo-karon mai, kada ka tsayar da kowace mota a bakin titi, 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, ba labari ba ne. A kan haya kuma ka tanadi kuɗin dillali da na lauya da na ajiya saboda ɓarna. Ka tambaya ko gidan yana da mita mai kati tasa shi kaɗai, kuma ko layin Band A ne, wato layin da ya fi samun wuta kuma ya fi tsada, domin wutar tana zama amma katin yana ƙarewa kamar ana zuƙe shi.

Shawarata, ka bar iyali a Kano tukuna, ka zo kai kaɗai ka raɓa wajen wani ɗan'uwa na wata guda. Unguwa biyu ko uku da suka kwanta maka, ka kwana a kowace ka bi hanyarta safiyar Litinin da yammacin Juma'a. In Kubwa ka nufa ka yi mini magana, ranar Asabar ina gida, sai in zaga da kai.