Tambaya da Amsa: Wace Rana Japan Ta Miƙa Wuya?

Tambaya: Malam, kakana yana cikin sojojin da suka yi yaƙin Bama, shi ya sa nake bibiyar tarihin. Wasu littattafan sun ce Japan ta miƙa wuya ranar 15 ga Agusta 1945, wasu kuma 2 ga Satumba, har da masu cewa 12 ga Satumba. Wanne ne daidai? Daga mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Allah ya saka wa kakanka da alheri. Duka ukun daidai ne, domin sojojin Japan sun warwatsu daga Sin har tsibiran Indonesiya, kowace runduna da kwamandanta. Ranar 15 ga Agusta Sarkin Japan Hirohito ya yi jawabin miƙa wuya ta rediyo, amma jawabi bai isa ya karɓe bindiga daga hannun soja ba, sai da aka aika 'ya'yan sarauta zuwa manyan rundunoni su tabbatar musu cewa umarnin daga fada ya fito.

Ƙasashen ƙawance da suka yaƙi Japan kuwa sun fitar da umarni na bai-ɗaya wanda ya fayyace wanda kowace runduna za ta miƙa wuya gare shi: na Sin ga shugaban Sin Chiang Kai-shek, na Manchuriya da arewacin Koriya ga Tarayyar Sobiyet, na Bama da Malaya ga Mountbatten na Birtaniya. Sai Janar MacArthur na Amurka, babban kwamandan ƙasashen ƙawance, ya hana kowane kwamanda karɓar miƙa wuya a yankinsa kafin a sa hannu a babbar takardar miƙa wuya, saboda tsoron kada wani janar ɗin Japan ya bijire tun gwamnatinsa ba ta ɗaure kanta a rubuce ba. Guguwa ta jinkirta bikin sa hannun zuwa 2 ga Satumba, a jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Missouri a mashigin Tokyo. Daga nan Janar Yamashita na Japan ya sa hannu a Filifin ranar 3, aka yi na Nanjing a Sin ranar 9, na Singafo ranar 12, wanda ya haɗa da Bama.

A ganina hujjar MacArthur tana da ƙarfi, sai dai jiran ya yi tsada, domin fursunonin yaƙi sun ƙara makonni a sansanoni cikin yunwa da cuta, kuma kafin sojojin Mountbatten su sauka a tsibirin Jawa na Indonesiya, jagoran 'yan kishin ƙasar Sukarno ya riga ya shelanta 'yancin Indonesiya tun ranar 17 ga Agusta.