Tambaya da Amsa: Filin Golf na Ferry Point, Kuɗin Wa Ya Gina Shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni direban tasi ne a birnin New York, ina kuma yawan bi ta gadar Whitestone, inda nake hango wani makeken filin wasan golf a gefen Bronx. Gardama ta kaure a majalisarmu bayan sallar Juma'a: wani ya ce filin na Donald Trump ne, wani kuma ya rantse cewa da harajinmu aka gina shi. Wane ne ke da gaskiya, kuma wace hujja ce hukumar birni take da ita ta zuba kuɗin jama'a a wasan masu hannu da shuni? (Daga wani mai karatu a Bronx, Amurka)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya ce da harajinku aka gina filin shi ne ya fi kusa da gaskiya, domin filin Ferry Point mallakar birnin New York ne tun asali, kuma abin da kamfanin Trump ya riƙe kwangilar gudanarwa ce kawai, duk da cewa an daɗe ana ganin sunansa da manyan haruffa daga kan gadar.

Wurin tsohon juji ne da birnin ya yi shekaru yana jibge shara a cikinsa. A ƙarshen shekarun 1990, zamanin magajin gari Rudy Giuliani, aka shirya cewa wani kamfani mai zaman kansa zai gina filin da kuɗinsa, a kan kimanin dala miliyan 22. Aikin ya yi ta jan ƙafa, musamman saboda iskar gas da ruɓaɓɓiyar shara take fitarwa daga ƙarƙashin ƙasa, har birnin ya soke yarjejeniyar ya ɗauki nauyin ginin da kansa. Kafin a buɗe filin a 2015, bisa zanen shahararren ɗan wasa Jack Nicklaus, abin da aka kashe daga baitulmalin birnin ya haura dala miliyan 120. Gwamnatin magajin gari Michael Bloomberg ce ta ba kamfanin Trump kwangilar shekara 20, bisa sharaɗin ya gina ɗakin baƙi na dala miliyan 10 ya kuma kula da ciyawa, amma aka yafe masa biyan birnin ko sisi a shekaru huɗu na farko, aka kuma bar wa birnin kuɗin ruwan da ake shayar da filin.

Masu goyon bayan irin wannan aiki ba su rasa hujja ba. Suna cewa dalilin kafa filin golf na hukuma shi ne a ƙwace wasan daga hannun kulob-kulob na attajirai, inda sai an biya kuɗin rajista mai tsoka kafin a taka ciyawa, suna kuma kafa misali da Van Cortlandt, wanda shi ma a Bronx yake, aka buɗe shi a 1895 a matsayin filin golf na hukumar birni na farko a Amurka. Suna ƙarawa da cewa babu wanda yake tambayar ribar da ɗakin karatu ko wurin ninƙaya na jama'a yake kawowa, sannan shi jujin dole ne a kashe kuɗi a rufe shi a tsare gurɓatarsa, ko an yi golf a kansa ko ba a yi ba. Wannan magana ta ƙarshe tana da nauyi, kuma masu suka sukan tsallake ta.

A nawa ganin, hujjar farko ba ta hau kan Ferry Point ba. Lokacin da aka buɗe shi, mazaunin birnin yana biyan fiye da dala 140 don zagaye ɗaya na ramuka 18 a ranar aiki, wato ninki uku ko kusa da haka na abin da ake karɓa a sauran filayen birnin, alhali Bronx ita ce gundumar da ta fi talauci a cikin gundumomi biyar na New York. Ɗakin karatu kowa yana shiga kyauta, amma filin golf yana cin ƙasa mai faɗin gaske, mutane kuwa hurhuɗu suke fita wasa, ana barin tazarar mintoci tsakanin rukuni da rukuni, don haka waɗanda za su amfana a yini ƙalilan ne ko da an rage farashi. Idan jama'a suka ɗauki nauyin gini, ɗan kwangila ya riƙe kuɗin shiga, aka kuma sa farashin da direban tasi ba zai iya biya ba, to an yi kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai biranen da suka tsara abin da kyau. San Diego da ke jihar California ce ta mallaki filin Torrey Pines, wanda ya karɓi babbar gasar golf ta US Open a 2008 da 2021. Kuɗin shigarsa yana zuwa wani asusu na musamman da ake kula da filayen golf na birnin da shi, baƙo kuma yana biyan fiye da ninkin abin da ɗan gari yake biya.

Shi kuwa Ferry Point, rigimarsa ba ta tsaya a kan kuɗin gini ba. Bayan harin da magoya bayan Trump suka kai majalisar dokokin Amurka ranar 6 ga Janairun 2021, magajin gari Bill de Blasio ya soke kwangilar, yana cewa sunan Trump ba zai ƙara jawo manyan gasanni ba, amma a Afrilun 2022 kotu ta yanke cewa yarjejeniyar ta wajabta kula da filin ne a matakin da ya dace da gasa, ba ta wajabta kawo gasar ba. A 2023 kamfanin caca na Bally's ya sayi ragowar kwangilar a kan dala miliyan 60, da alƙawarin ƙarin dala miliyan 115 idan ya sami lasisin gina gidan caca a wurin, kuma kamfanin Trump ne mai karɓar kuɗin, ba birnin da ya gina filin ba.

Idan wani a majalisarku ya ce a rushe filin a gina gidaje, ka sanar da shi cewa ƙasar tana cikin jerin wuraren shaƙatawa na jama'a, kuma a dokar jihar New York ba a sauya wa irin wannan ƙasa aiki sai majalisar dokokin jiha da ke Albany ta amince.