Biden da dokar bindiga a Amurka: me ya nema, me ya samu?

Tambaya: Assalamu alaikum. A zamanin mulkin Joe Biden, duk sanda aka yi harbin kan mai uwa da wabi a wata makaranta a Amurka sai mu ji ya fito yana cewa dole a taƙaita mallakar bindiga. Ya yi shekara huɗu ya sauka, bindigogi na nan a kasuwa. Da gaske yake ko siyasa ce? Kuma me ya hana shi sa hannu a takarda kawai ya haramta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Biden bai taɓa neman a raba Amurkawa da bindiga baki ɗaya ba, shi kansa ya sha faɗa cewa yana da bindigar farauta a gida. Abubuwa uku ya fi nacewa a kai: a daina sayar da dogayen bindigogi irin su AR-15 da gidan harsashin da ke cin fiye da 10, a binciki tarihin duk mai saye ko a hannun wa zai saya, sannan a soke dokar 2005 da ta kare kamfanonin ƙera bindiga daga yawancin ƙararrakin iyalan waɗanda aka harbe.

AR-15 ba mashinga ba ce. Mashinga tun 1934 aka ƙuntata ta, a 1986 kuma aka rufe sayar wa farar hula sababbi. AR-15 harsashi ɗaya take saki duk jan kunama ɗaya, sai dai ita ke ɗura wa kanta na gaba, gidan harsashinta na yau da kullum na cin 30, kuma cikin daƙiƙoƙi kaɗan ake cire wanda ya ƙare a maka wani.

An taɓa hana ta. A 1994 Biden ne shugaban kwamitin shari'a na Majalisar Dattawa, shi ya ja ragamar babbar dokar yaƙi da laifuka da Bill Clinton ya sa wa hannu a watan Satumba, a cikinta aka cusa haramcin da Sanata Dianne Feinstein ta rubuta. Yadda aka tsara haramcin ne ya raunana shi. Ban da wasu samfura da aka ambata da suna, doka ta ce doguwar bindiga mai ɗura wa kanta harsashi, wadda ake cire mata gidan harsashi, ta haramta in tana da biyu daga cikin alamomi biyar: gindi mai naɗewa, mariƙi irin na fistol, wurin maƙala wuƙa, abin rage walƙiyar wuta a baki, da wurin harba gurneti. Sai kamfanoni suka cire alamomin suka ci gaba da sayar da bindiga mai aiki iri ɗaya. Waɗanda ke hannun mutane kafin dokar kuwa ba a taɓa su ba, har da tulin manyan gidajen harsashi da aka ci gaba da cinikinsu bisa halal. Aka kuma sa mata wa'adin shekara 10. A 2004 ta mutu, majalisa ba ta sabunta ba. 'Yan Demokrat sun rasa majalisu biyu a zaɓen Nuwamban 1994, kuma da yawansu na ganin wannan doka na cikin dalilan. Abin ya daɗe yana sa su taka-tsantsan.

Batun binciken mai saye shi ya fi buƙatar bayani. In ka je shagon dillali mai lasisin tarayya, za ka cike fom mai lamba 4473, ka nuna katin shaida, shi kuma ya tura bayananka ga tsarin binciken da FBI ke gudanarwa tun 1998. Yawanci cikin mintuna amsa ke dawowa: a sayar, a hana, ko a dakata. In aka ce a dakata kuma kwana uku na aiki suka wuce babu hukunci, dokar tarayya ta yarda dillali ya miƙa bindigar. Ta wannan kafa wanda ya kashe mutum 9 a wani coci a Charleston a 2015 ya samu tasa. Kafa ta biyu ta fi faɗi: in mai sayarwar ba dillali ba ne, maƙwabci ne ko wani da aka haɗu da shi a intanet, dokar tarayya ba ta tilasta wani bincike ba, sai in jihar ta yi tata dokar.

To me ya hana shi sa hannu? A Najeriya lasisin bindiga alfarma ce da shugaban ƙasa ko Sufeto Janar na 'yan sanda ke bayarwa ko hanawa. A Amurka haƙƙi ne da ke cikin tsarin mulki tun gyara na biyu na 1791. Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2008 cewa haƙƙin na kowane mutum ne a gidansa, a watan Yunin 2022 kuma ta ƙara da cewa duk wata dokar taƙaitawa sai ta yi kama da abin da aka saba a tarihin ƙasar. Shugaba ba ya yin doka, majalisa ke yi, kuma a Majalisar Dattawa mai kujeru 100 ana buƙatar ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawara a zartar da irin wannan ƙuduri. Bayan kisan yara 20 da manya 6 a makarantar Sandy Hook a Disamban 2012, Shugaba Obama ya ɗora wa Biden, mataimakinsa a lokacin, nemo mafita. Ƙudurin faɗaɗa bincike na sanatoci Manchin da Toomey ya samu 54 a Afrilun 2013, ya faɗi. A Yulin 2022 Majalisar Wakilai ta amince da sabon haramcin AR-15 da 217 a kan 213, bai ko kai ga ƙuri'a a Dattawa ba.

Abin da ya samu shi ne dokar da ya sa wa hannu ranar 25 ga Yunin 2022, wata guda bayan kisan yara 19 da malamai 2 a Uvalde ta jihar Texas. Ta wuce Dattawa da 65 a kan 33 saboda ba ta haramta kowace bindiga ba. Mai saye ɗan ƙasa da shekara 21 yanzu ana duba bayanan laifukansa na ƙuruciya da na lafiyar ƙwaƙwalwa, ana tuntuɓar 'yan sandan yankinsa, kuma binciken na iya kai kwana 10 na aiki. An ware dala miliyan 750 ga jihohi don shirye-shiryen da suka haɗa da ƙwace bindiga na ɗan lokaci, da umarnin alƙali, daga wanda ake fargabar zai cutar da kansa ko wani. An shigar da wanda aka hukunta kan dukan budurwa cikin waɗanda aka hana, da can miji da makamancinsa kaɗai doka ta fi kamawa. Saya wa wani bindiga da sunanka don ya kauce wa bincike ya zama laifin tarayya mai zaman kansa.

Sauran kuwa umarnin ofis ne, wanda kotu ko magaji ke iya sharewa. Ƙa'idar 2022 da ta tilasta sa lamba a sassan bindigar da ake saya a harhaɗa a gida ta tsira a Kotun Ƙoli a Maris 2025. Ofishin yaƙi da rikicin bindiga da ya buɗe a fadar White House a 2023 bai kwana biyu ba bayan dawowar Trump.

Ganina, da gaske yake, tarihinsa na shekara talatin ya nuna. Inda zan soke shi shi ne ya fi ɗaga murya kan abin da ya fi ƙarancin kisa. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabi kansu suka kashe, kuma a kisan kai ƙaramar bindiga ce ke kan gaba da nisa. Dogaye irin su AR-15 kaso kaɗan ne. Haramta ta zai iya rage yawan gawa a harin makaranta guda, amma adadin shekara ya fi rataya a kan toshe kafar ciniki tsakanin mutum da mutum, da kwana ukun nan, da tilasta kulle bindiga a gida, kuma in ban da ƙarin kwanakin binciken 'yan ƙasa da shekara 21, kusan suna nan yadda ya same su a dokar tarayya.