Za mu iya rubuta "ga 'yan'uwa Musulmi" a tallar rancen gida a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Bronx, birnin New York. An saka ni a kwamitin wata ƙaramar ƙungiyar ajiya da lamuni, irin wadda ake kira kiredit yuniyon, mai rajista da gwamnatin tarayya. Mun fara ba da rancen sayen gida, muna so mu raba takardar talla a masallatai mai taken "Rancen gida ga 'yan'uwa Musulmi 'yan Afirka ta Yamma". Mai buga mana takardu ya ce sai mun sa wani tambarin gida. Wane tambari ne, kuma taken ya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mai buga takardun nan ya yi muku gata. Sai dai tambarin shi ne mai sauƙi, taken ne abin da ya fi damuna, don haka da shi zan fara.

A cire shi. Dokar hana wariya a harkar gidaje, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ranar 11 ga Afrilu 1968, mako guda bayan kashe Martin Luther King, ta hana nuna fifiko saboda jinsin mutum (kamar Bature ko baƙar fata), launin fata, addini ko ƙasar asali. A 1974 aka ƙara zaman mutum namiji ko mace, a 1988 kuma aka ƙara naƙasa da halin iyali, wato masu yara 'yan ƙasa da shekara 18 da mata masu juna biyu. Takenku ya taka biyu a layi ɗaya: addini da ƙasar asali. Na san niyyarku alheri ce, kuna so jama'arku su daina zuba kuɗin haya su mallaki nasu. Amma a wajen talla, abin da ake dubawa shi ne yadda mai karatu zai fahimta. Maƙwabcinku Kirista ɗan Jamaika da ya tsinci takardar a bakin shago, ya karanta, ya ajiye don ya ga ba da shi ake ba, shi ne ma'aunin.

Nan ne mutane ke rikicewa, domin kiredit yuniyon ba kowa take yi wa aiki ba, tana da iyakar waɗanda za su iya zama mambobi: ma'aikatan wuri ɗaya, mazauna yanki ɗaya, ko 'yan wata ƙungiya. Wannan halal ne a doka. Kuna iya rubuta "Rancen gida ga mambobinmu", ku faɗi yadda ake shiga. Kuna iya buga takardar da Hausa, ku raba a masallaci. Shawarata dai kada masallaci ya zama wuri ɗaya tilo da tallar ke zuwa, a kai ta shaguna da wuraren taron unguwa. Hotuna ma a kula da su, domin ƙa'idar hukumar da ke sa ido kanku ta ambaci kalmomi da alamomi da mutanen da ake nunawa a talla. Kalamai irin "ga ma'aurata marasa yara" ko "unguwa ta mutanenmu" duk a guje su.

Tambarin kuwa ɗan hoton gida ne mai alamar daidai a cikinsa, layuka biyu a kwance, ƙarƙashinsa an rubuta Equal Housing Lender, ko Equal Housing Opportunity. Hukumar NCUA da ke sa ido kan ƙungiyoyi irin taku ta tsara wannan a sashe na 701.31 na ƙa'idojinta. Duk tallar rancen gida da ake gani da ido, takarda ce ko allo ko shafin intanet, a sa shi inda za a gan shi, kada a matse shi a lungu kamar ƙwayar gero. In a rediyo ne, mai sanarwa ya furta cewa ƙungiyar Equal Housing Lender ce. Rancen gyaran gida ma yana ciki.

Akwai kuma fosta da za a manna a ɗakin karɓar jama'a da kowane ofishin da ake ba da irin wannan rance. Ta ma'aikatar gidaje HUD inci 11 ne da 14. Fostar na faɗa wa wanda aka zalunta inda zai kai ƙara. A doka, yana da shekara ɗaya ya kai wa HUD, shekara biyu ya shigar a kotu. Kada a liƙa ta bayan ƙofa ko a rufe ta da kalanda.

Idan za ku tallata a Facebook, ku zaɓi rukunin tallar gidaje da suka keɓe. A Maris 2019 HUD ta tuhumi kamfanin da bai wa masu talla damar ɓoye tallar gidaje daga wasu mutane, kuma a Yuni 2022 Meta, mai mallakar Facebook, ta sasanta da ma'aikatar shari'a ta Amurka a kan batun. Zaɓen wanda zai ga talla ma yana iya zama wariya.

Kafin ku kai wa mai bugawa, ku miƙa sabuwar takardar ga jami'in da ke kula da bin doka a ƙungiyarku ya duba ta da ƙa'idar da ke aiki a yanzu, ku kuma ajiye kwafin kowace talla da ranar da ta fita.