Kishore Kumar mawaƙi ne ko jarumi?

Malam, ka tambaya ko Kishore Kumar mawaƙi ne ko jarumi. Duka biyun ne, har da shirya fim. Ka san a finafinan Indiya jarumi baki kawai yake motsawa, wani ne ya rera waƙar a sutudiyo. Kishore haifaffen garin Khandwa ne na Indiya a 1929, ƙanin jarumi Ashok Kumar. Ya yi suna a finafinan barkwanci, ya kuma shirya fim ɗin Door Gagan Ki Chhaon Mein a 1964. Amma fim ɗin Aradhana na 1969 ne ya ɗaga shi a waƙa, daga nan muryarsa ta manne wa jarumi Rajesh Khanna. Ni dai wajen juya murya ban ga na biyunsa ba. Ya rasu a 1987, bayan ya ci kyautar finafinan Indiya ta Filmfare sau 8.