Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Sauti Yake Ɗaukewa a Farkon Kowace Waƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuto muku ne daga Gusau. Ina da na'urar buga faifai mai karɓar faya-fayai irin su SACD da DVD-Audio da Blu-ray, na haɗa ta da amfilifaya ta wayar HDMI, daga amfilifayar kuma wata waya ta wuce zuwa talabijin. Duk lokacin da waƙa ta ƙare aka shiga ta gaba, sai sauti ya ɗauke na daƙiƙa ɗaya ko biyu, har farkon kiɗan ya wuce ban ji shi ba. Faifan CD ba ya yin haka. Na canza waya, na goge faya-fayan, babu abin da ya sauya. Shin faya-fayan ne jabu, ko na'urar ce ta soma lalacewa?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Yadda ka bayyana matsalar ya riga ya nuna inda take, domin ɗaukewar da take zuwa a wuri guda, wato daidai kan iyakar waƙa da waƙa, da wuya ta zama laifin ƙura ko karcewar faifai ko lalacewar waya. Waɗancan ba su san inda waƙa take farawa ba. A tsakiyar baiti ma suna iya katse ta. Mafi yawan lokuta amfilifayar ce take yin shiru da gangan.

Faifan CD salo ɗaya yake da shi daga farko har ƙarshe, wato gudun kilohaz 44.1 da zurfin bit 16 (ma'aunan yadda aka adana sautin), don haka amfilifaya tana gane shi sau ɗaya ta ci gaba da aiki. Sauran ba haka suke ba. SACD, wanda Sony da Philips suka fito da shi a 1999, yana ɗauke da salon DSD mai gudun megahaz 2.8224. DVD-Audio yana kaiwa kilohaz 192 a sitiriyo, kuma faifai guda yana iya haɗa sassa masu gudu daban-daban. Blu-ray kuma yana iya zuwa da salon PCM (warwararren sauti irin na CD) ko Dolby TrueHD ko DTS-HD Master Audio (salon sauti a dunƙule, da sai an warware su), sannan wasu kamfanoni sukan ajiye kowace waƙa a matsayin guntu mai zaman kansa. Da zarar saƙon da ke bin wayar HDMI ya tsaya ko ya sauya salo, amfilifaya takan rufe lasifiku har sai ta tantance abin da yake shigowa, don kada ƙara mai tsanani ta fito ta yi musu lahani. Tamkar mai gadi ne da yake sake tambayar baƙo sunansa duk lokacin da ya leƙa waje ya dawo. Wasu amfilifayoyin ma shirun da ke tsakanin waƙoƙi kawai suke ɗauka a matsayin yankewar saƙo. Idan ka zuba ido a kan ɗan gilashin da ke gaban amfilifayar a daidai lokacin, mai yiwuwa ka ga rubutun DSD ko TrueHD ya ɓace sannan ya dawo, wani lokaci har da ɗan sautin “ƙat” daga cikinta.

Gyaran da ya fi yin tasiri ba ya cin ko sisi. Shiga saitin sauti na na'urar faifan, ka nemi wurin fitar da sauti ta HDMI, ka ɗauke shi daga Bitstream (aika sauti a dunƙule don amfilifaya ta warware) ka mayar da shi PCM, haka kuma a sashen SACD ka zaɓi PCM maimakon DSD. Da haka na'urar ce za ta warware sautin da kanta, ta aika wa amfilifaya salo guda wanda ba ya yawan canzawa. Ga TrueHD da DTS-HD Master Audio babu asarar inganci a wannan, domin sautin ɗaya ne ko wace na'ura ce ta warware shi. Ga SACD akwai juyi na gaskiya daga DSD zuwa PCM, galibi mai kilohaz 88.2 ko 176.4, kuma masu tsananin son DSD sukan ƙi yarda da shi. A ganina rasa farkon kowace waƙa ya fi wannan ɗan bambanci ciwo nesa ba kusa ba.

Idan hakan bai wadatar ba, duba amfilifayar ko tana da zaɓin tsayar da mashigar a kan PCM maimakon Auto, sannan ka kashe HDMI-CEC (tsarin da na'urori ke sarrafa junansu ta wayar HDMI), ka gwada cire wayar talabijin gaba ɗaya, saboda sauyin hoto tsakanin waƙoƙi yana iya sa na'urorin uku su sake gaisawa daga farko. Kada ka koma wayar haske (optical) da zaton mafita ce, yawancin na'urori ba sa fitar da sautin SACD ta nan.

Gwaji na ƙarshe shi ne wayoyin ja da fari na analog, idan na'urarka tana da mafitarsu. In sautin ya tafi sumul ta nan, to faifai da na'ura lafiyarsu ƙalau, kuma kana iya barin su haka don sauraron sitiriyo. In kuwa giɓin yana nan, to ko dai haka aka tsara faifan, ko na'urar tana bukatar sabunta manhajarta daga shafin kamfanin da ya ƙera ta.

Ƙurar hunturu da hawa da saukar wutar janareto, musamman lokacin da firji ya tashi, suna jawo tasu ɗaukewar a nan Zamfara, amma alamarta ita ce zuwa babu tsari. Wannan sitabilaiza take bukata, da goge faifai da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki. Taka daban ce, don haka kada ka bari mai gyara ya taɓa idon na'urar kafin ka gwada saitin PCM.